Ɗage Takunkumi: Tuba ce ko Gajiya?

Masu iya magana kan ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. To, idan taron jama'a ne suka haɗu suka danne mutum, wa kwikwiyon zai bi?

A 1947 wani kwamitin majalisar dokokin Amurka ya tuhumi marubuta da daraktocin fim na Hollywood da kwaminisanci. Goma daga cikinsu suka ƙi amsa tambayoyinsa. Aka ɗaure su, manyan kamfanoni kuma suka yi ittifaƙin daina ba su aiki. Ɗaya daga cikinsu, Dalton Trumbo, ya koma rubutu da sunan aro, har labarin da ya rubuta ya ci lambar Oscar a 1957 da sunan Robert Rich. A 1960 aka bayyana sunansa a fim ɗin Spartacus, 'yan kallo suka yi tururuwa, takunkumin ya fara rugujewa. Ba kotu ce ta soke shi ba. Kamfanonin ne suka ga ba riba a cikinsa.

Mu ma mun ga makamancin haka, kodayake tamu tuhumar ta ɓata tarbiyya ce. A 2007 aka dakatar da shirya fim a Kano, aka ɗaure Adam A. Zango, sannan Hamisu Lamido Iyan-Tama a 2008. 'Yan fim da dama suka karkata zuwa Kaduna da Jos, har maganarsu ta zama abin hira a majalisun Gangare. Da gwamnati ta sauya a 2011, ƙura ta lafa, kowa ya kama gabansa.

A nan tambayar take. Idan an bar horo ba tare da an fayyace wanda ya yi daidai ba, shin adalci aka yi ko mantuwa? Addini ya gindaya wa tuba sharuɗɗa: daina laifi, da nadama, da ƙudurin ba za a koma ba, da mayar da haƙƙi ga mai shi. Ɗage takunkumi na farkon kawai ya cika. Shekarun da suka salwanta fa, da iyalin da suka kwana da yunwa?

A ganina, kwikwiyon nan yana bin duk wanda ya yi shiru saboda tsoro, har da mu masu alƙalami. Al'ummar da ta gaji da horo ba ta yi nadama ba, sandar tana nan a jingine bayan ƙyaure, sabon suna kawai take jira.