Tsakanin Gero da Shibra: Haƙƙin Abin da Aka Horar

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Duk manomin da ya taɓa gyara gonar gero ya san shibra. Tare suke tsira, ganyensu iri ɗaya, har ba a cika rarrabe su ba sai kai ya fito. A nan ne halin kowanne yake bayyana: shibra takan kakkaɓe ƙwayarta a ƙasa tun kafin girbi, shi kuwa gero yana riƙe da tasa a zangarniya har a yanka, a kai rumbu. Manomi yana ƙirga wannan zubarwa a matsayin aibi, alhali kuwa ga tsiron daji ita ce rayuwa, domin da ita yake shuka kansa. Shibra ta gaji halin ne daga geron daji. Masu tonon tarihi sun sami alamar geron da ya riga ya daina zubar da iri a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali, tun kimanin shekara 4,500 da suka wuce. Ashe tun wancan zamani gero yake jiran hannun mutum kafin ya sake tsira.

Al'amarin masara ya fi haka tsanani. Asalinta wata ciyawa ce a kudancin Meksiko, mai 'yan ƙwayoyin da ba su cika wuce goma sha biyu ba, kowace a cikin ɓawo mai tauri. Bayan zaɓen iri na kusan shekara 9,000, ta zama goyo mai ɗaruruwan ƙwayoyi a lulluɓe. In goyon ya faɗi ƙasa ba wanda ya ɓare shi, 'ya'yan a cunkushe za su tsira, su kashe juna.

Haka yake ga dabbobi. Tunkiyar daji tana zubar da gashinta da kanta kowace shekara, amma tunkiyar ulu irin ta Turawa ba ta iyawa. A 2004 an kama wani rago a ƙasar Niyu Zilan wanda ya ɓuya shekara shida ba aski. Da aka aske shi, ulun ya kai kilo 27. Kazar daji ta kudancin Asiya, wadda ita ce uwar kajin gida, ƙwai kaɗan take yi a shekara, ta kwanta a kansu; kazar gidan gona kuwa takan kusanci 300, ta kuma manta da kwanci. (Zabo ne dai ya ƙi miƙa wuya duka, shi ya sa har gobe yake kai ƙwansa cikin ciyawa.)

To, mai karatu ya lura: abin da ake kira albarkar gero da tunkiya da kaza, shi ne dai rauninsu. An zaɓi mai riƙe iri, mai sanyin hali, marar gudu, aka bar mai iya tsayawa da ƙafarsa. Shi ma mutum bai fita yadda ya shiga ba. Yawancin mutanen duniya cikinsu yakan daina narkar da ɗanyar madara bayan ƙuruciya, amma a zuriyar makiyaya, irin su Fulani da mutanen arewacin Turai, da yawa suna sha har tsufa ba damuwa. Saniya ta bar alamarta a jikin mai ita.

Wani zai ce, ai dabba dukiya ce, mai abu kuwa yana da ikon abinsa. Gaskiya ne Suratu Yasin ta ambaci horar da dabbobin ni'ima ga ɗan Adam, amma a matsayin kyauta mai neman godiya. Malaman fiƙihu kuma ba su bar ikon a sake ba. A Muhtasar na Shaihu Halil an wajabta wa mutum ciyar da dabbarsa in babu makiyaya; in ya ƙi, a sayar da ita. An hana ɗora mata aikin da ya fi ƙarfinta, an kuma ce nononta ba a tatsa sai gwargwadon abin da ba zai cuci ɗanta ba. Labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwa, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, laifi biyu ya ƙunsa: ba ta ciyar ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Kyanwa tana da wannan mafita ta biyu. Tsohon jakin da aka kora bakin gari bayan ƙarfinsa ya ƙare, sakinsa ba 'yanci ba ne.

Inda maganar ta yi wuya shi ne kajin nama na zamani, waɗanda suke isa yanka cikin mako shida. Ƙirjinsu yana girma fiye da yadda ƙafa za ta ɗauka, har wasu su gurgunce a gaban abinci. Mai su bai hana su ci ba, bai kuma ɗora musu kaya ba. Kayan yana cikin irin da aka zaɓa tun kafin a ƙyanƙyashe su. Magabata sun yi hukunci a kan nauyin da ake ɗorawa a bayan dabba, domin shi suka gani a kasuwanninsu. Nauyin da aka dasa a cikin jikinta kuwa mas'ala ce da ta cancanci malamai su zauna da likitocin dabbobi a kanta, su duba a wuyan wa take: mai ƙyanƙyasa, mai kiwo, ko mai sayen da yake neman araha.