KADA A MANTA DA KOWA WAJEN RABO

Ya mai karatu, ka ƙirga tsofaffin da ke garinku. Su nawa ne suka ci tuwo daren jiya? Ka sani tabbas, ko kuwa zato kake yi?

In yunwa ta kama yaro, duk unguwa sai ta ji kukansa. Tsohuwa kuwa sai ta ƙara ɗaure zanenta, ta ce ta ƙoshi, ta miƙa wa jikanta ƙwaryar. Kunya takan hana ta roƙo. Abin ya fi tsanani daga watan Yuni zuwa Satumba, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, hatsi ya yi tsada a kasuwa, waɗansu samari kuma sun tafi bida ba su dawo ba. Waɗanda suka ga yunwar 1973 da ta 1984, da wadda ta sami ƙasar Maraɗi da Damagaram da Tawa a 2005, sun san wannan. A gidan likita ana awon yara da mata masu ciki, wannan kuwa daidai ne. Amma wa ke awon tsoho?

ABIN DA YA FARU A URUSHALIMA

Ka buɗe Ayyukan Manzanni 6:1-7. Masu bi na fari suna ƙaunar juna ƙwarai. Kowace rana ana rabon abinci ga matan da mazansu suka mutu. Duk da haka gunaguni ya tashi, gama ana tsallake matan da ke jin Helenanci. Abinci yana nan, kyakkyawar niyya tana nan, amma ba wanda aka ɗora wa aikin lura. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Manzanni ba su tsawata wa masu kukan ba. Ba su ce zancen tuwo ƙaramin abu ne ba. Suka tara jama'a, suka sa aka zaɓi mutum 7 waɗanda kowa ya shaida halinsu, masu hankali, waɗanda Ruhun Allah ke bi da su. Istifanas da Filibus suna cikinsu. Dukansu sunayen Helenanci gare su, alamar an ba waɗanda aka yi wa rashin daidai hannu cikin gyaran. Aka yi musu addu'a, aka ɗibiya musu hannu. Bayan haka Maganar Allah ta ƙara yaɗuwa.

Ka gani, lura da abincin tsofaffi aiki ne mai tsarki. Yana bukatar mutane sanannu da tsari.

IYALI NE DA FARI

Bulus ya koya wa Timoti cewa 'ya'ya da jikoki su ne za su fara ɗaukar nauyin iyayensu, domin ikkilisiya ta sami ƙarfin taimakon waɗanda ba su da kowa (1 Timoti 5:3-16). In mahaifiyarka tana kwana da yunwa, kai kuwa kana da damman gero a rumbu, baikon da kake kaiwa ran Lahadi ba zai rufe wannan laifi ba. Ko a kan gicciye Ubangiji Yesu bai manta da uwarsa ba, sai da ya danƙa ta ga almajirinsa.

AIKIN MASU LURA

Ga tsofaffin da ba su da kowa, ko waɗanda iyalinsu suka gaza, bari ikkilisiya ta zaɓi masu lura, maza da mata. Kada a bar mata baya, gama su ne suka san gidan da ba a ji daka ba yau, da murhun da ya kwana biyu ba wuta. Ga aikinsu:

1. Su rubuta sunaye. Su bi gida gida. Kada su tsaya ga masu zuwa sujada kaɗai, gama makaho da wanda ƙafa ta hana fita su ne akan fara mantawa. Su tuna da baƙo wanda ba ya jin Hausa sosai.

2. Su tara tun da kaka. Yusufu ya tara kashi ɗaya cikin biyar a shekarun ƙoshi, Masar ta tsira. Ga lissafi mai sauƙi. Buhun gero mai kilo 100 yakan ba da kamar tiya 40. Tiya ɗaya takan kai tsoho ɗaya wajen kwana 5. In kuna da tsofaffi 10, kwana 100 na damina za su ci tiya 200, wato buhu 5. In gidaje 25 suka kawo tiya 8 kowane, an gama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A haɗa da wake, da gujiya, da busasshen ganye.

3. Su yi aiki a fili. A sa wa ɗakin ajiya kwaɗo biyu, mabuɗai a hannun mutum biyu. A rubuta kowace tiyar da ta shiga da wadda ta fita, a karanta wa jama'a kowane wata. Bulus kansa bai yarda ya kai gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, ya nemi abokan tafiya don kada wani ya sami abin zargi (2 Korintiyawa 8:18-21). Mai lura kada ya fifita danginsa.

4. Su ba da abin da tsoho zai iya ci. Wanda haƙoransa suka zube ba zai iya da tuwo mai tauri ba. A yi masa mai laushi da miya isasshiya, ko kunu mai kauri. Gero shi kaɗai yakan cika ciki, amma ba ya riƙe tsoka. A ƙara wake da ya dahu lugub, da garin ƙuli-ƙuli cikin kunu, da nono, da ƙwai in ya samu, da ganyen zogale ko kuka ko yakuwa. Kaɗan kaɗan sau uku ko huɗu ya fi mai yawa sau ɗaya. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar saurayi, saboda haka a ajiye masa ruwa mai tsabta kusa da tabarmarsa, balle da bazara. Mai hawan jini a rage masa gishiri. Mai ciwon sukari kada a zuba masa sukari a fura, a kuma bi maganar likita.

5. Su kai da kansu, su zauna. Tsabar gero ba ta da amfani ga wadda ba ta iya daka, ba ta da itace. A raba girki tsakanin gidaje, kowane da ranarsa. Wanda ya kai, ya zauna har a ci, gama kaɗaici yakan kashe marmarin abinci. In zai yiwu, a haɗa tsofaffi su ci tare sau ɗaya a mako. In aka ga ƙafa ta kumbura, ko rama mai sauri, ko zawo, a kai shi gidan likita, kada a jira.

6. Su tsare mutuncin mai karɓa. Kada a kira sunansa a gaban taro. Kada a ƙi tsohon maƙwabci don ba Kirista ba ne, kada kuma a mai da tuwo tarko. Allah ya ba mu kyauta, mu ma mu bayar kyauta.

KAI FA?

Ubangiji Yesu ya ce a ranar shari'a zai lasafta abincin da aka ba mayunwaci kamar shi aka ba (Matiyu 25:31-46). Ba da ƙwaryar tuwo muke sayen ceto ba. Almasihu ya riga ya biya da jininsa, ya tashi daga matattu, yana kuwa gafarta wa duk wanda ya tuba ya gaskata da shi. Amma zuciyar da ta ɗanɗana wannan alheri ba ta iya barci maƙwabciya tana kwana da yunwa.

In Allah ya ja kwananka, kai ma wata rana hannunka zai yi rawa, za ka zuba ido ga ƙofa. Tun yau ka leƙa gidan tsoho ɗaya. Ran Lahadi ka kai wannan magana gaban fasto da dattawa, ku tsai da masu lura kafin kaka ta wuce.

Ka yi addu'a haka: Ya Uba, ka buɗe idanuna in ga wanda muka tsallake. Ka ba ikkilisiyarmu amintattun masu lura. Cikin sunan Yesu, Amin.