Haƙorin da Aka Kashe wa Jijiya: Rayayye ko Matacce?

Idan kogon haƙori ya ci har ya kai ga jijiya, mai ciwo na da zaɓi biyu: a cire, ko a kashe jijiyar a bar haƙorin. A ƙauyuka irin su Damaga, cikin ƙasar Maradun, cirewa aka fi sani. Kashe jijiya kuwa sai an niƙi gari zuwa inda likitan haƙori yake, galibi Gusau ko Sakkwato. Wanda aka yi wa aikin yakan dawo da tambayar da ba ta likita kaɗai ba ce: abin da ya rage a bakinsa rayayye ne ko mushe?

Likita kan huda haƙorin, ya zare tsokar ciki mai ɗauke da jijiya da jini, ya kankare ramin saiwa da siraran allurai, ya wanke, ya cike. Bangon ramin shi ne ƙashin ciki da ake kira dentin. Kusan kashi 70 cikin 100 na nauyinsa ma'adini ne, kalsiyam da fosfet. Kashi 20 zaruruwan furotin, saura ruwa. Ruwan wanki na farko, dangin bilic ne da aka tsarma, yana kashe ƙwayoyin cuta, amma yana cin zaruruwan. Na biyu, EDTA, wanda Nygaard-Østby ya shigo da shi aikin haƙori a 1957, yana share dattin kankara ta hanyar zuƙe kalsiyam. Kimanin minti ɗaya ya ishe shi. In ya daɗe sai ya zaizaye bangon, taurinsa ya ragu. Duk da haka zaren naman da ya riƙe saiwa a muƙamuƙi yana nan da ransa, shi ya sa mai haƙorin kan ji tsakuwa in ya tauna ta a shinkafa.

Malamai sun yi saɓani kan rayuwar ƙashi tun kafin a san wannan aiki. Hanafawa na ganin rai ba ya shiga ƙashi da haƙori, don haka mutuwa ba ta ƙazanta su. Malikawa na ganin yana shiga, suna kafa hujja da ƙarshen suratu Yasin, inda aka yi zancen rayar da ƙasusuwa. Saboda haka Risala, littafin Malikawa, ta hana amfani da ƙaho da haƙorin mushen dabba. Wannan hukunci bai taɓa mai haƙorin da aka gyara ba: haƙorin bai rabu da jikinsa ba, kuma maganar da aka dogara a kanta a mazhabar Malik ita ce ɗan Adam mai tsarki ne, da rai ko ba rai. Sallarsa ta inganta.

Babin diyya ya fi zurfi, kuma ba tsohon zance ba ne a Zamfara, inda dokar shari'a bisa mazhabar Malik ta fara aiki ranar 27 ga Janairun 2000, zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura. Diyyar haƙori raƙuma biyar ce. Muwaɗɗa ta kawo daga Sa'id ɗan Musayyib cewa in aka bugi haƙori ya yi baƙi, a biya diyya cikakkiya. In wani ya zo ya fige baƙin haƙorin, shi ma ya biya cikakkiya. Baƙin nan, a ilimin yau, alama ce ta mutuwar tsokar ciki. Da haƙori abu ɗaya ne da ke mutuwa sau ɗaya, da biya na biyu bai da hujja. Hukuncin ya raba kyau da amfani: na farko ya ɓata kyan, na biyu ya raba mutum da abin tauna. Wato ƙimar haƙori ba ta ƙare da mutuwar jijiya.

Daga nan nauyi ya hau kan likita. Ma'adinin da ya rage a bangon saiwa shi ke ɗauke da amfanin, kuma ba ya tsirowa kamar farce. Cire abin da tsabtace rami ya wajabta halas ne, domin ana kauda babbar cuta da ƙarama. Barin ruwan wanki ya wuce lokaci saboda sakaci, har saiwa ta raunana ta tsage, ya shiga babin kuskuren likita, wanda Imam Malik ya ɗora wa diyya a mas'alar mai kaciyar da ya zarce iyaka.