Tafiyar Ƙarshen Shekara da Sharaɗin Amincin Hanya

Watan Disamba ba shi da wata daraja ta ibada a wurin Musulmi, domin azumi da layya da aikin hajji duk shekarar Hijira suke bi, amma duk da haka ya zama lokacin da tafiye-tafiye suke yawaita a ƙasar Hausa saboda dalilai da suka haɗu wuri guda. A cikinsa ne makarantun boko suke rufewa bayan zangon farko, ma'aikata da yawa suke ɗaukar hutu, manoma kuma sun gama kaka sun kai masara da waken suya kasuwa, kuɗi ya shigo hannu, an sa ranakun ɗaurin aure. A cikinsa ne Kiristoci suke komawa garuruwansu domin Kirsimeti, matasan karkara kuma suke ɗaure kaya su tafi cin rani. A 'yan shekarun nan wata al'ada ta ƙaru a kan waɗannan, wadda ta shigo ta wayar hannu, wato mutum ya tsara jerin wuraren da yake burin gani kafin ya bar duniya, kamar Dubai da Istanbul da dalar Masar, ko Yankari ga mai ƙaramin ƙarfi, yana soke su ɗaya bayan ɗaya. Tambayar da ta cancanci nazari ita ce matsayin wannan buri a addini, da yadda amsar take kasancewa idan an dube ta daga Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, inda fita daga gida zuwa kasuwar mako ta zama abin da ake yi wa shawara da addu'a.

Malaman fiƙihu ba su ɗauki tafiya a matsayin abu guda mai hukunci guda ba. Alƙali Abubakar ibn al-Arabi, malamin Malikiyya na Andalus wanda ya rasu a shekarar 543 ta Hijira, ya kasa ta gida biyu a littafinsa na hukunce-hukuncen Alƙur'ani: tafiyar gudu da tafiyar nema. A ƙarƙashin gudu ya kawo barin ƙasar da mutum ba ya iya yin addininsa, da gudun cutarwa ga jiki, da gudun cutarwa ga dukiya. A ƙarƙashin nema kuwa ya kawo hajji da neman ilmi da fatauci da neman abinci da ziyarar 'yan'uwa, har da tafiyar lura, wato mutum ya zaga ƙasa domin ya ga ayyukan Ubangiji da makomar al'ummun da suka shuɗe ya ɗauki darasi. Abin da ake kira yawon buɗe ido a yau yana iya shiga wannan kaso na ƙarshe idan niyya ta kyautatu, yana kuma iya zama wasa tsantsa idan ba a nufi komai da shi ba sai hoto da alfahari. Bambancin yana da tasiri har a cikin salla, domin Mukhtasar na Shaihu Khalil, wanda ake karantawa a zaurukan malamai har gobe, ya sanya ƙasaru, wato rage salla mai raka'a huɗu zuwa biyu, ga matafiyin da tafiyarsa ba ta saɓo ba ce kuma ba ta wasa ba ce.

Wannan ba ya nufin addini yana ƙyamar ganin duniya. Hausawa sun daɗe suna cewa tafiya mabuɗin ilmi, kuma da wannan karin magana Abubakar Imam ya raɗa wa littafin da ya rubuta bayan zuwansa Ingila a 1943 suna. Kafin shi Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je Ingila da Makka a 1921, kafin su duka kuma Muhammadu al-Kashnawi, masanin lissafi, ya bar ƙasar Katsina ya yi hajji ya zauna Alƙahira har ya rasu a can a 1741. Shi ma hadisin da ya keɓance masallatai uku da ɗaura niyyar tafiya, wato na Makka da na Madina da na Ƙudus, malamai sun fahimce shi a kan tafiyar neman falalar wuri domin ibada, bai hana fatauci ko karatu ko ganin gari ba. Saboda haka wanda ya ce rubuta sunayen ƙasashen da ake son zuwa haramun ne ya faɗi abin da ba shi da hujja a kansa.

Aibin jerin yana wani wuri dabam, a cikin zaton da aka gina shi a kai. Mai jerin yana lissafi da shekarun da ba a ba shi tabbacinsu ba, wannan kuwa shi ne dogon buri da Imamu Gazali ya yi dogon bayani a kansa a ƙarshen Ihya'u, shi ya sa Suratul Kahfi ta yi umarni da a jingina duk abin da za a yi gobe ga ganin damar Allah. Sannan a ƙarƙashinsa akwai wani zato mafi nauyi, cewa rayuwar da ba ta ga waɗannan wurare ba ta tawaya. Tarihin wannan ƙasa da kansa ya ƙaryata zaton. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo tun yana saurayi ya yi ƙasida da Larabci yana bayyana begen zuwa Madina, malaminsa Malam Jibrilu ya je, shi kuwa har ya rasu a Sakkwato a 1817 bai samu zuwa ba, kuma tafiyar da ta sauya tarihi a rayuwarsa ta gudu ce, wato hijirarsa daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. Babu mai hankalin da zai ce rayuwar Shehu ta ragu domin wurin da ya fi so a duniya bai taka shi ba.

Sharaɗin da ya fi shafar mutanen kudancin Katsina shi ne amincin hanya. Hajji rukuni ne daga rukunan Musulunci, amma an rataya wajibcinsa ga istiɗa'a, wato iko, kuma a mazhabar Malikiyya ikon ya haɗa da mutum ya aminta a kan ransa da dukiyarsa a hanya. Da wannan ne Ibn Rushd kaka, alƙalin Ƙurɗuba da ya rasu a 520 ta Hijira, ya ba da fatawar cewa wajibcin hajji ya faɗi a kan mutanen Andalus na zamaninsa saboda hanya ba ta da aminci. Idan farilla irin wannan tana sauka saboda tsoron hanya, to abin da bai kai ta ba, kamar biki da suna da hutu, ya fi cancantar sauka.

Ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna kan iyakar Katsina da Zamfara da Kaduna, ƙasa ce mai albarkar noma, amma dazuzzukan da suka haɗa ta da Tsafe da Birnin Gwari sun zama mafakar 'yan bindiga. A daren 11 ga Disamba 2020, ana dab da hutun ƙarshen shekara, aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. A ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta hana sayar da dabbobi a kasuwanni da dama, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da waɗannan uku, ta yadda wanda yake Kano ko Abuja ya rasa hanyar zuwa gida ya kuma rasa hanyar jin muryar mahaifiyarsa. A 2023 gwamnatin Dikko Umaru Radda ta kafa rundunar tsaron al'umma, a 2025 kuma aka yi zaman sulhu a wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Faskari, amma matafiyi a hanyar Funtuwa zuwa Gusau, wadda ta ratsa Sheme da 'Yankara, bai daina tambayar direbobin tasha ko hanya lafiya ba kafin ya shiga mota. Abin ban takaici, dajin Kogo na yankin Faskari yana cikin dazuzzuka 10 da gwamnatin tarayya ta amince a mayar da su gandun shaƙatawa na ƙasa a ƙarshen 2020, a daidai lokacin da manomin da ke gefensa ba ya iya kaiwa gonarsa.

Idan aka tambayi wanda rikici ya kora zuwa Funtuwa ko Malumfashi ko Katsina wurin da yake burin gani kafin ya mutu, ba Istanbul zai ambata ba. Gonar gado zai ambata, da gidan da aka haife shi, da maƙabartar da iyayensa suke kwance. A rabon Ibn al-Arabi tafiyar wannan mutum ta gudu ce, kuma halal ce, wani lokaci ma wajibi ce, ba a kuma zarginsa da raunin imani domin ya bar gari ya tsira da iyalinsa.

Mas'alar da ta fi wuya ita ce ta zumunci. Ma'aikaci ɗan wani ƙauye a Sabuwa da yake aiki a Kaduna, hutu ya zo, ana aurar da ƙanwarsa, mahaifiyarsa ta tsufa, 'yan'uwa suna tuna masa cewa zumunci a ƙafa yake, wasu kuma suna ce masa abin da Allah ya ƙaddara babu makawa, kwana idan ya ƙare ko a kan gado sai an tafi. Maganar ƙaddara gaskiya ce, amma an ɗora ta inda ba wurinta ba. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya samu labarin annobar Amwas, juyawa ya yi da mutanensa, da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi sai ya nuna cewa komawar ita ma ƙaddarar Allah ce. Tawakkali, wato dogaro ga Allah, yana zuwa ne bayan an yi riƙo da sababi, kuma kare rai yana cikin larurori biyar da Imamu Shaɗibi da waɗanda suka gabace shi suka ce shari'a ta zo domin kiyaye su, tare da addini da hankali da zuriya da dukiya. Akwai kuma wani lissafi da mai gaggawar zuwa ba ya yi: idan aka kama shi, kuɗin fansa a kan dangin da ya je gaisarwa zai faɗa, su sayar da hatsin shekara da shanun huɗa da gona, ziyarar kwana biyu ta jawo talaucin shekaru. Don haka idan zato mafi rinjaye shi ne hanya ba ta da aminci, zamansa ya fi, kuma 'yan'uwan da suke yi masa gorin ya zama ɗan birni ya manta gida suna ɗora masa abin da shari'a ba ta ɗora masa ba.

Sai dai uzurin yana da iyaka. Abin da ya faɗi shi ne zuwa da ƙafa, haƙƙin zumunci kuwa yana nan, ana sauke shi da aike da kira da ɗaukar nauyin magani, ko a haɗu a garin da ya fi aminci. Wanda ya fake da rashin tsaro ya yanke danginsa, sannan aka gan shi ya kwashi iyali zuwa Dubai hutun ƙarshen shekara alhali 'ya'yan ɗan'uwansa suna kwana a kangon makaranta, ba za a ce tafiyarsa haramun ce ba, amma ya gabatar da ƙawa a kan larura. Har umara ta nafila da wasu suke maimaitawa kowace shekara tana shiga wannan ma'auni, domin malamai da yawa sun fifita ciyar da mai yunwa na kusa a kan maimaita ibadar da ba farilla ba.

Akwai kuma waɗanda ba su da zaɓi ko kaɗan, kuma su ne mafi yawa: direban da motarsa ce abincinsa, da ɗan kasuwar da zai kai hatsi Dandume, da mai naƙudar da za a kai asibiti cikin dare. Faɗa wa waɗannan su zauna gida ba fatawa ba ce, domin zaman ma halaka ne. A nan ne tambayar take tashi daga kan matafiyi ta koma kan mai mulki. Suratu Ƙuraishi ta ambaci tafiyar fatauci ta hunturu da ta bazara, ta haɗa ƙoshi bayan yunwa da aminci bayan tsoro a matsayin ni'imomi biyu da suke tafiya tare, Suratul Ma'ida kuma ta sanya wa hiraba, wato tare hanya da makami, ɗaya daga mafi tsananin hukunce-hukunce. Mawardi, wanda ya rasu a 450 ta Hijira, ya lissafa cikin wajiban shugaba ya tsare ƙasa har mutane su iya neman abinci su yi tafiya ba tare da tsoro a kan rai ko dukiya ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma, a littafin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya kula da kasuwanni da hanyoyi cikin ayyukan mai mulki.

Amincin hanya ke nan haƙƙi ne da talaka yake bin hukuma, kuma duk matakin da aka ɗauka, na soja ne ko na sulhu, da shi za a auna shi. Malaman da suke hawa mumbari a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa sun yi daidai da suke kiran jama'a zuwa haƙuri da addu'a, amma bayanin bai cika ba sai sun faɗa wa masu mulki, daga shugaban ƙaramar hukuma har zuwa Abuja, cewa muddin mutum ba ya iya tashi daga Ƙanƙara bayan la'asar ya isa Sheme hankalinsa kwance, to wajibin da ke wuyansu bai sauka ba.