Tabarmar Kunya da Hauka Akan Naɗe Ta

Galibi ana jefa wannan karin magana ne ga mai borin kunya, wanda aka kama dumu-dumu sai ya tada ƙura don kada a dube shi. Amma tana da wata fuskar. Akwai mutumin da ya shimfiɗa wa jama'a kunyarsa, suka hau suka miƙe ƙafa, har ya rasa yadda zai tashe su in ba da tsawa da zare ido ba. Mai shayi na cikin irin waɗannan mutane.

Mu ɗauki misali da Bune, garin da ya saba da baƙo. Tun zamanin sarautar Muniyo fatake ke ratsa shi saboda kanwar yankin, kuma ta nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ake kira Abdul Karim, ya bi a ƙarshen 1852 a hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram. Yau ma wanda ya sauka daga motar Gure, ko makiyayin da ya kwana a hanya da bisashensa, abin da yake fara nema da sassafe shi ne teburin mai shayi: kafe da madara, burodi, wainar ƙwai in aljihu ya yarda.

To, dubi jarin wannan bawan Allah. Tebur guda, benci biyu ko uku, gwangwanayen Nescafé da Lipton da madara an jera su, tukunyar ruwa bisa wuta. Gawayi na ci ko an saya ko ba a saya ba. Ribarsa a kan kofi ƴan daloli ce, sai an tara ta kai jaka. Cinikinsa kuma na ɗan lokaci ne, daga sallar asuba zuwa hantsi, sannan bayan magariba. Saboda haka gurbin da ke kan benci shi ma haja ne, ko da ba a sa masa kuɗi ba. Idan samari huɗu suka sayi kofi ɗaya suka raba, suka jona wayoyinsu a caji, suka buɗe musun ƙwallon Real Madrid da Barcelona har rana ta take, baƙon da ya iso zai tsaya ya duba, ya ga ba wuri, ya wuce tebur na gaba. Ba wanda ya ɗauki ko dala daga aljihun mai shayi, amma an rage masa abin cefane.

Me ya hana shi magana? Kunya. Wannan ɗan maƙwabcinsa ne, wancan ƙanen matarsa, na ƙarshen kuma sahu ɗaya suke bi a masallaci. Sai ya koma habaici. Ya ɗauke kofin da ya bushe, ya goge tebur a gabansu sau biyu, ya ce, "Malam, a ƙaro ne?" Mai hankali ya gane, ya ce, "A'a, Allah ya ba da kasuwa," ya tashi. Wanda bai so ganewa ba sai ya ce, "Alhamdu lillahi," ya gyara zama. Ran da abin ya kai mai shayi bango ya daka tsawa, sai gari ya ɗauka cewa wane ya yi kuɗi, ya fara korar mutane. Ni dai a wurina haukan nan ba nasa ba ne, na waɗanda suka tilasta masa ne.

Ba wai zaman hira laifi ba ne. Benci wayam ba ya kiran mai saye, kuma da dare, in ciniki ya lafa, mai shayi da kansa yana son abokan taɗi. Matasanmu ma suna da wurin da aka yi don dogon zama, wato fada, wadda ta bunƙasa a Damagaram tun shekarun 1990 ta bazu har ƙauyuka. Can an yi karo-karo an sayi ganyen shayi da sukari, ɗan buta na kan gawayi, a sha na farko, a jira na biyu da na uku, ba mai ƙirga lokaci. Matsalar ita ce ɗauko al'adar fada a dasa ta kan teburin da wani ke ciyar da iyali da shi, a kuma daidai lokacin da kasuwa ke ci.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake naɗe tabarmar. Wani mai shayi ya ɗauke benci guda ya jingine, wani ya sa wa caji kuɗi, wani ya daina ba da bashi kwata-kwata. Samarin nan ba su rasa komai ba, sun koma inuwar wani. Dattijon da ya saba zuwa bayan asuba a ce masa, "Baba, bismillah, ga wuri," shi ne yanzu ke shan shayinsa a tsaye, tare da baƙon da ya kwana a mota.