Ƙyaure mai guga da kafaɗa mai ciwo

Idan ƙyaure ya fara gugar ƙasa, kafinta mai gaggawa zarto yake ɗaukowa ya rage shi. Wanda ya san aiki kuwa, maɗaurin yake fara dubawa. Sau da yawa ƙusoshi ne suka saki, ƙyauren ya sunkuya.

Akwai ciwon kafaɗa da ke da irin wannan hali. Mace takan gane shi wajen ɗaura ɗankwali, mai fenti kuma idan ya zo kan silin. Hannu na ƙasa lafiya lau, ya kai can sama ma da sauƙi. A tsakiya ne, wajen digiri 60 zuwa 120, ake cewa "wash!" Da dare kuma ba dama a kwanta ta wannan gefen.

A saman kafaɗa akwai ƙashin da ya yi rumfa. Kan ƙashin dantse yana ƙarƙashinsa, tsokoki huɗu na riƙe da shi, jijiyar ɗaya daga cikinsu kuma ta ratsa ta ɗan tsukin da ke tsakani. A 1972 wani likitan ƙashi na Amurka, Charles Neer, ya ce rumfar ce ke gugar jijiyar, don haka a kankare ta. An yi shekara da shekaru ana wannan tiyata. Sai a 2018 mujallar Lancet ta fitar da wani gwaji da aka yi a Birtaniya kan mutum 313: wasu an kankare musu ƙashin, wasu an zura kyamara kawai an fito, wasu ba a taɓa su ba. Waɗanda aka kankare wa ba su fi waɗanda aka leƙa kawai samun sauƙi ba.

Likitan gashin ƙashi kuwa, kamar kafintan da ya san aiki, maɗaurin yake nufa. Zai kwantar da kai rigingine, ya dafe kan dantsen da tafin hannu, yana tura shi baya da ƙasa kaɗan-kaɗan, ya motsa allon kafaɗa, ya bi tsokar da ta ƙage da yatsa. Kana tashi sai ka ji hannu ya saki. To, a nan ne mutane ke ruɗuwa. Wannan sauƙin ba ya daɗewa, amfaninsa shi ne ka samu damar yin atisaye: roba a ɗaure jikin ƙarfen taga, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, kana jan robar waje a hankali, har tsawon wata biyu ko uku. Tausa kowa na so, tunda kwance kake wani na wahala. Robar ce ake mantawa da ita a aljihun tebur.

Kai wa maɗori ya finciki hannun ba shi da amfani, don ba gocewa ya yi ba. Wanda kuma ya faɗi, hannun ya ƙi ɗaguwa sam, wataƙila jijiyar ce ta yage. Wannan asibiti zai nufa a duba shi kafin kowa ya murza.