Rufin Asiri a Gaban Kyamara

A watan Oktoban 2022, BBC ta fitar da wani bincike daga sansanonin 'yan gudun hijira na arewa maso yammacin Siriya. Uwa ce za ta zauna cikin tanti da 'ya'yanta, waya a kafe a gabansu, su shafe sa'o'i kai tsaye a TikTok suna roƙon masu kallo su jefo musu kyauta. Kyautar hoton fure ce ko na zaki da ke ɓullowa a fuskar waya, amma da kuɗi ake sayenta, kuma ana mayar da ita kuɗi. Masu binciken suka gwada da kansu: suka aika kyautar dala 106 zuwa asusun da wani ɗan jarida ya buɗe a can, dala 33 ce ta shiga. In an cire na shagon cirar kuɗi da kason dillalin da ya kawo waya da intanet, dala 19 ce za ta rage wa iyali.

Lissafin ne ya fi ba mutane haushi, kuma da gaskiyarsu. To amma a ce dukan dala 106 ta isa hannun uwar nan, ko sisi bai yi ciwon kai ba. Shi ke nan magana ta ƙare? Mu dai a ganinmu da saura, kuma sauran ya shafe mu, domin abin da ake yi a tantin Siriya ana yin irinsa a bakin gadajen asibitocinmu.

Bari mu fara ba wa abin haƙƙinsa. Tun da Facebook ya buɗe wa kowa damar watsa bidiyo kai tsaye a 2016, wanda ba shi da kowa a gidan rediyo ya samu bakin magana. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya shanye Maiduguri, da yawanmu a waya muka fara ganin rufin gidaje a cikin ruwa, kuma ganin ne ya sa hannu ya shiga aljihu. Ga kuma maganar yarda. An sha damfarar mu da hoton mara lafiyar da ba a san ma ƙasarsa ba, da lambar asusu a ƙasa. Kai tsaye kuwa ga gado, ga ƙarin ruwa a hannu, ka yi tambaya a amsa maka nan take. Wanda maciji ya sara, ba a ganin laifinsa in ya ce sai ya gani da idonsa.

Sai dai mu tuna yadda ake yi a masallacin unguwa. Bayan sallame salla liman zai juyo ya ce akwai wani bawan Allah a cikinmu da lalura ta same shi, a taimaka. Ba a faɗin suna. Wasu sun gane, su kawar da kai kamar ba su gane ba. Abin da ya tsaya jingina shi ne mutuncin liman: mun san shi, mun san ba zai ci ba. Mabukaci ya karɓa ya koma gida da asirinsa a rufe, gobe ya tsaya sahu ɗaya da wanda ya ba shi. Ba a banza ba ne addu'ar da Bahaushe ya fi yi wa kansa da ɗan'uwansa ita ce Allah ya rufa asiri.

Yanzu mai bayarwa yana Jidda, wani yana Landan, wani yana Legas, ba su da liman guda. Dole a samu wata jinginar, kuma wadda aka samu ita ce fuskar mabukacin kansa. Rashin yardar da mazambata suka jawo, mara lafiya ke biyan kuɗinta, da hawayensa da raunin da aka yaye wa zane.

Abin bai tsaya nan ba. A saman fuskar waya akwai adadin masu kallo, yana hawa yana sauka a kan idon mai riƙe da wayar. Ko ba a koya masa ba zai lura cewa kuka na tsayar da mutane, bayanin takardar likita kuwa yana korar su. Sannu a hankali sai tausayi ya zama kasuwa, wahala ta shiga gasa da wahala. Dattijon da ke buƙatar wankin ƙoda duk mako, wanda ciwonsa ba ya fitowa a hoto kuma kunya ba za ta bar shi ya yi kuka a bainar jama'a ba, ya sha kaye tun ba a fara ba. Ba wanda ya ƙulla hakan da mugun nufi. Yatsunmu ne, mu masu wucewa da masu tsayawa, suka tsara shi.

Za a ce ai da yardarta aka ɗauka. Yardar da aka bayar da takardar kuɗin tiyata a hannu, likita ya ce sai an biya, wace irin yarda ce? Duk da haka ba mu da bakin ce wa uwar nan kada ta yarda. Wanda bai biya mata ba, bai isa ya yi mata wa'azin mutunci ba. Ran ɗanta ya fi fuskarta a wurinta, kuma mu ma da mu ne, haka za mu zaɓa. Tambayar ba tata ba ce, tamu ce da muka sa sharaɗin. Malamai sun karantar da mu cewa sadakar bayyane halal ce, har tana zaburar da wasu, ko da yake ta ɓoye ta fi. Amma abin da ake bayyanawa a can hannun mai bayarwa ne. Mu kuma mun juya kyamarar: mai bayarwa ya ɓuya bayan sunan bogi, wanda ake ba wa ne a fili.

Akwai wata hanyar, kuma ba sabuwa ba ce. Ranar 13 ga Yulin 1985 mawaƙa suka hau dandali a Landan da Filadelfiya, aka watsa kai tsaye a talabijin don yunwar Habasha. Ko su ba su tsira gaba ɗaya ba, don an nuna hotunan yara masu tamowa, kuma Habasha ta daɗe tana ɗauke da wannan hoton a idon duniya. Wadda ta fi tsabta ita ce ta Games Done Quick a Amurka: tun 2010 gwanayen wasan bidiyo ke nuna gwanintarsu kai tsaye, yanzu har mako guda ba dare ba rana, masu kallo na zuba kuɗi, wani kaso na tafiya ga ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke jinyar yara masu tamowa a Katsina da Maraɗi. Ba a ɗaga zanen kowa. Mai ƙarfi ne ke nuna kansa, jinginar kuma ƙungiya ce mai littafin shiga da fita da ake bincika.

Masu nuna kai ba mu rasa su ba: ga mawaƙa, ga 'yan Kannywood, ga 'yan dambe, ga masu barkwanci da ke tara dubban mutane a dare guda. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne hannun da za a danƙa wa kuɗin kowa ya yi barci, wato wanda zai maye gurbin liman ga mutanen da ba su san juna ba. Gina wannan ya fi kunna waya wuya nesa ba kusa ba, shi ya sa muke kunna wayar.

Shi kuwa yaron da ke kan gado, ba wanda ya tambaye shi. In Allah ya ba shi lafiya zai girma, ya shiga makaranta, wata rana ya je neman aure, bidiyon kuma yana nan a wayoyin mutanen da suka adana shi, da sunansa da sunan unguwarsu da muryar mahaifiyarsa tana roƙo.